Mai Awo, Wadda Ba Ta Tambayar Yaya Jiki

Wani dare Uwar Biyu ta farka da wata ƙara da ba ta taɓa ji a gidanta ba. Ba ta ɓera ba ce, ba kuma ta famfo mai ɗiga ba. Sai a ji shuuu, kamar ana jan buhu a kan siminti, a yi shiru, a ji tim, can kuma shuuu. Ta laluba gefen gado, ba kowa. Ta leƙa falo, sai ga mijinta, Kafinta, tsaye a tsakiyar ɗaki daga shi sai singileti, ya buɗe hannuwa kamar mai tafiya a kan igiya, gumi na tsiyaya. Sandarsa na can jingine a bayan ƙofa. Jan ƙafar hagu shi ne shuuu ɗin, dire ta dama shi ne tim.

"Baban Biyu, lafiya?"

"Lafiya lau. Gwaji nake yi."

"Gwajin me kuma da tsakar dare?"

"Daga kujera zuwa ƙofa. In matar nan ta zo jibi, da ƙafata zan tare ta. Ba za ta same ni a zaune ba."

Matar da yake nufi ita ce wadda aka ɗauki alƙalami dominta yau. A ofishin jin daɗin jama'a take aiki, ɗakin ƙarshe na baranda, wanda fankarsa ke juyawa kamar mai jin barci. Aikinta shi ne ta je ta ga mutum a inda yake rayuwa, ta rubuta ko halin da yake ciki ya shiga abin da doka ta kira nakasa ko bai shiga ba. A kan wannan aiki ta yi furfura, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Mai Awo ake kiranta, saboda tef ɗin awo irin na magina da ba ya rabuwa da jakarta.

Kullum tana riga masinja isowa. Ta zuba wa wata fulawa da ta shuka a gwangwanin fenti ruwa, ta cire takalmin ofis ta sa kambas, ta duba gidajen da za ta je, ta fita neman bas. In ta isa gida, kafin ta yi sallama sai an gan ta a durƙushe tana auna tudun bakin ƙofa. Ta auna faɗin ƙofa, ta auna tsayin gado, ta saki tef ya koma cikinsa da ƙara fat, kamar harshen ƙadangare. Sau da yawa maƙwabta sun ɗauka gidan za a sayar. Kuma duk gidan da ta shiga sai ta nemi a nuna mata banɗaki, har magana ta bazu cewa baiwar Allah ciwon suga gare ta. Ta ji, ta yi dariya, ba ta ƙaryata ba. Ba buƙata ke kai ta ba. Ta ce falo na baƙi ne, kowa yana iya gyara shi, amma banɗaki ba ya iya ɓoye yadda mutum yake fama da jikinsa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki, ba ta taɓa ce wa wanda ta je dubawa "Yaya jiki?" ba. Wasu sun ɗauka rashin tarbiyya ne. Ita kuwa ta ce tun da take ba ta taɓa jin wanda aka yi wa wannan tambaya ya ce komai ba sai "Da sauƙi," ko da a kan gadon asibiti yake da roba a hanci. Tambayoyinta wasu iri ne: wa ya ɗaura maka takalmi yau? Yaushe rabonka da kasuwa? In an ƙwanƙwasa ƙofa ba kowa a gida, ya kake yi?

Shi kuwa Kafinta, a wani kamfanin kujeru da kabad yake aiki tun yana saurayi. Shi ke yin gyaran ƙarshe, goge katako da samfefa, shafa mai, daidaita ƙofar kabad har ta rufu ba ƙara. Teburin aikinsa yana saman bene. 'Yan shekarun nan wata lalurar jijiya ta kama shi, irin mai zuwa tana tafiya. Wata rana ya tashi garau, wata rana ƙafar hagu ta zama kamar ta aro. Likita ya ce ana lallaɓa ta da magani, amma ba ta barin mutum. Ranakun fashinsa suka yi yawa, aikinsa ya riƙa taruwa, kamfani ya sanar da shi cewa kwamiti zai zauna ƙarshen mako a kan sallamarsa. Da albashin nan ake biyan haya, da shi tagwayen ke makaranta. Likitan ne ya tura maganarsa ofishin Mai Awo.

To a nan aka samu kuskuren. Kafinta ya ɗauka ana turo matar ne ta gwada ko yana da sauran amfani. A lissafinsa, in ta rubuta "nakasasshe," shi ke nan, ta miƙa wa kamfani wuƙar yanka shi. Uwar Biyu ma haka ta ɗauka. Saboda haka suka shirya mata irin shirin da ake yi wa surukai. Igiyar da ya ɗaura a jikin bango daga ɗaki zuwa banɗaki, wadda yake bi da hannu, aka kwance ta. Kujerar roba da yake wanka a kai aka kai gidan maƙwabta. Sanda ta shige ƙarƙashin gado. Da safiyar ranar ya haɗiye maganinsa har da na rana, ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna yana kallon ƙofa.

Da Mai Awo ta yi sallama ya miƙe. Uwar Biyu ta bi ƙafarsa da ido har ya kai ƙofa. Bai faɗi ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Bisimilla, shigo."

"Sannu, Malam. A'a, har da tarya? Na gode."

Aka kawo shayi. Ta sha, ta yaba kabad ɗin falo, ya ce aikinsa ne, ta tashi ta buɗe ta rufe, ta ce ita tata sai an sa mata gwiwa take rufuwa. Can ta nemi banɗaki. Uwar Biyu ta raka ta, tana ganinta ta tsaya a lungu tana kallon ƙusoshin da ke jere a bango ba komai a kansu, da wani dogon layi mai duhu da tafin hannu ya bari a jikin fenti. Ta dawo ta zauna.

"Malam, wa ya ɓalla maka maɓallan rigar nan?"

"Ni mana."

Ta dubi Uwar Biyu. Uwar Biyu ta dubi kofi.

"Benen wurin aikin fa, ya kake hawa?"

"Kamar kowa. Hajiya, ni fa ba gurgu ba ne, ba makaho ba. Kin ga dai da ƙafata na tare ki. Ki rubuta musu lafiyata ƙalau."

"In na rubuta haka, ranar zaman kwamiti za su sallame ka, kuma ba wanda zai ce sun yi laifi."

Kafinta ya gyara zama ya dube ta.

Ta ajiye kofi ta yi masa bayani, ba da murya irin ta ofis ba. Ta ce mutumin da lafiyarsa ƙalau kuma ba ya zuwa aiki, sunansa mai fashi, doka ba ta da abin ce wa kamfani a kansa. Amma dokar da take aiki da ita ba ta tsaya a kan gurgu da makaho da kurma ba, kamar yadda ake ɗauka a titi. Abin da take dubawa shi ne ko mutum yana da wata lalura, a gaɓa ce, a ido, a kunne ko a ƙwaƙwalwa, wadda ta daɗe ko za ta daɗe, ba irin zazzaɓin mako ɗaya ba. Sannan a duba, in lalurar ta haɗu da abin da ke gabansa, matakala ce, ƙofar bas ce, ko tana hana shi abin da sauran mutane ke yi ba tare da tunani ba. Ta ce ko lalurar mai zuwa ce tana tafiya, ba a auna mutum da ranarsa mafi kyau. In ya shiga wannan ma'auni, to wajibi ne mai aiki ya fara neman gyaran da zai yiwu kafin ya yi maganar sallama.

"Wato sai na ce ni nakasasshe ne kafin a bar ni in yi aiki?"

"Ba sai ka ce komai a kan sunanka ba. Ka gaya mini yadda kake hawa bene kawai."

Ya yi kicin-kicin da fuska. "Ai kin ga bango. Na ga kin gani. Ki rubuta abin da kika gani mana."

"Bango ba shi ya nemi a duba shi ba, Malam. Ba na rubuta abin da mutum ya ce mini ƙarya ne a gaban matarsa. In na yi haka yau don in taimake ka, gobe zan yi wa wani don in cuce shi."

Ya kafe. Uwar Biyu ta san wannan kafewar, ita ce wadda yake yi in katako ya tsage a hannunsa. Maganin da ya haɗiya ya fara sakinsa, ƙafar tana rawa a ƙarƙashin riga, ya ɗora hannu ya danne ta. Mai Awo ta ga haka ta miƙe, don kada ya sake tashi raka ta.

"Zauna abinka. Ban rufe maganar ba. Gobe da safe zan zo mu tafi aikin tare. Ba shiri, ba shayi, magani kuma yadda likita ya ce." Ta juya ga Uwar Biyu. "Ke ma, ƙanwata, ki biyo mu. Amma hannunki a bayanki. Kada ki taɓa shi sai ya ce ki taɓa."

Ke ce, Mai Awo, wadda za ki iya cika takarda a falon nan ki kama gabanki, ba wanda zai tuhume ki. Mutum ya ce lafiyarsa ƙalau, me ya rage? Gidaje na jiranki, ƙafarki ma ba ta yarinya ba ce. Amma kika ƙara wa kanki safiya guda a kan mutumin da ko godiya bai yi miki ba. Kuma ba don kina da saurin cewa e ba ne. Waɗanda suka san ki sun san ɗan wan mijinki da ya karye a hannu ya zo neman a sa shi a layin nakasassu, kika ce masa nasa ciwo ne, kafin wata uku zai ɗauki buhu, doka ba ta san shi ba. Ya daina gaishe ki har aka shekara. Sun kuma san waɗanda kika ga suna wahala ƙwarai amma ma'aunin bai kai gare su ba. Ba ki lanƙwasa shi ba, ba ki kuma ɓoye musu ba. Kin gaya musu a fuska, kin nuna musu wata ƙofar.

Washegari ranar ta zo ba mai kyau ba. A ranar ne Uwar Biyu ta san yawan abin da hannunta ke yi ba da saninta ba. Maɓallan riga suka ci lokacin karin kumallo. A tasha, da bas ta tsaya, kafaɗarta ta tafi da kanta wajen ƙofa, inda kullum take tsayawa kamar mai gyara mayafi shi kuma ya dafa ya hau. Mai Awo ta yi gyaran murya. Uwar Biyu ta janye. Kafinta ya kama ƙarfe da hannu biyu, ya ja jiki, kwandasta yana buga mota yana cewa, "Baba, yau ko gobe?" Ya hau, amma sai da wani fasinja ya tallafe shi ta baya.

Suka isa kamfani a makare. Wannan ma sabon abu ne, don ashe kullum yakan riga kowa zuwa, Uwar Biyu tana zaton ƙwazo ne. Yau ma'aikata sun cika ƙasa, inji na kuka, ƙurar katako na tashi. Matakalar tana nan a ƙarshen zaure, ta ƙarfe, miƙaƙƙiya, ba wurin hutawa a tsakiya. Mai Awo ta durƙusa ta auna ta farko, ta saki tef, ta koma gefe ta tsaya.

Kafinta ya dafa ƙarfe. Ya ɗora ƙafar dama. Ta hagu ta ƙi biyowa. Ya sake gwadawa. Wani mai fenti ya hango shi ya ɗaga murya, "Baba Kafinta, yau da 'yan rakiya? Ko amarya aka kawo mana?" Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu da kanta. Wani ya kashe inji.

Uwar Biyu ta ce ba ta taɓa jin nauyin hannuwanta irin na lokacin ba.

Ya daɗe a tsaye, goshinsa a kan ƙarfe. Can sai ya juya a hankali, ya ba matakala baya, ya zauna a kan ta biyu da rigarsa mai tsabta. Ya dafa da hannuwa, ya ɗaga jiki zuwa ta uku, ya jawo ƙafar da hannu. Ya ɗago ya dubi Mai Awo.

"Haka nake hawa, Hajiya. Da baya, a zaune. Shi ya sa nake zuwa kafin kowa. Ranar da hannun ma ya ƙi, sai in zauna a gida in ce zazzaɓi ne. Rigar nan kuma ita ke ɓalla mini. Rubuta."

Ta buɗe jaka ta rubuta a tsaye, ta karanta masa, ya ce haka ne.

Manaja ya fito daga ofis jin inji ya tsaya. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai odar masu sayen kaya a wuya. Da ya ga Kafinta a zaune a kan matakala sai ya riƙe baki.

"Haba, Baba! Sau nawa na kira ka ofis na tambaye ka? Ka ce mini lafiya lau!"

"Me ka tambaye shi, ranka ya daɗe?" in ji Mai Awo.

"Na ce yaya jiki."

"To."

Suka shiga ofis. Uwar Biyu tana daga bakin ƙofa tana jin manaja yana cewa ƙasa ƙura ta yi yawa, mai ba zai bushe da kyau ba, kuma shi ba zai iya gina wa mutum ɗaya na'urar hawa ba. Mai Awo ta ce ba wanda ya ce ya gina, doka ba ta neman abin da zai karya kamfani, abin da zai yiwu take nema. Ta tambayi me ke cikin ɗakin da ke kusa da get. Aka ce tarkacen kujerun da aka dawo da su. Ta je ta auna ƙofarsa. Ta tambayi ko aikin gyaran ƙarshe dole sai da sassafe, ko ranar da jiki ya ƙi za a iya farawa da hantsi a tashi da yamma. Manaja ya yi ta sosa ƙeya, ya ce zai kai wa kwamiti. Ta ce ita ma rahotonta zai riga shi isa.

Kwamiti ya zauna, ba a sallame shi ba. Sai dai wani abin dariya ya biyo baya. Teburin aikin, ashe Kafinta da kansa ya haɗa shi a saman benen tun yana da ƙarfi, ya yi shi da faɗi yadda ba zai bi ta matakala ba, ya kuma haɗa shi haɗin da ba ya kwancewa. Aka ce a yi masa sabo, ya ce shi da wannan ya saba, ya san kowane rami a jikinsa. Ƙarshe sai taga aka cire, aka ɗaura masa igiyoyi, ƙarti suka riƙa sassautawa. Waɗanda suka gani sun ce tebur ya fito ta taga ƙafafu a sama, yana juyawa a iska a hankali kamar saniyar da ake saukewa daga jirgi, masu wucewa a titi suka tsaya kallo, shi kuma yana ƙasa a kan kujera da sandarsa yana ihu, "A hankali da kusurwar nan, ku ba ku san darajar katako ba!"

Mai Awo ba ta ga wannan ba. Tana wani gidan a lokacin, wataƙila a durƙushe a bakin ƙofa.

Ke ce mai zuwa gidan da aka share domin a ɓoye miki, ki zauna ki sha shayi ba ki kunyata kowa ba. Mun gode miki da safiyoyin da ba a biya ki ba, da kambas ɗin da suka ƙare a hanya, da gaskiyar da kika gaya wa naki da bare iri ɗaya. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba ki mai kula da ke ranar da taki ƙafar ta gaji. Ku kuma da za ku gaji ɗakin ƙarshe na baranda, ku gaji tef ɗin da haƙurin tare. Kada ku tsaya a falo. Manajoji da masu gidaje da mu sauran jama'a, in muka ga mutum yana riga kowa zuwa ko yana yawan zazzaɓi, mu koyi yin tambaya ta biyu. Wanda kuma yake ɓoye sandarsa a ƙarƙashin gado, ya sani ba duk mai zuwa dubawa ne yake zuwa da wuƙa ba.

Ranar hutun da ta wuce Mai Awo ta biya ta gidan Kafinta yin sallama, kasancewar tana zagaya mutanenta kafin ta ajiye aiki. Wannan karon ba a kwance igiya ba, kujerar roba tana wurinta, shi kuma daga zaune ya amsa sallamarta. Aka fito da tabarma ƙofar gida, maƙwabta suka taru. Uwar Biyu tana ba su labari cewa tun da aka sauko da teburin bai yi fashi ba sai sau ɗaya, har manaja ya ce kabad ɗinsa sun fi fita da wuri. Mai Awo ta sha shayinta, ta ɗaure kambas, ta rataya jaka, aka yi mata Allah ya kiyaye.

Tana shan kwana, wani maƙwabci, tsohon direba da ya daɗe yana saurare yana sakace, ya cire tsinken daga bakinsa.

"Ni fa akwai abin da ban gane ba. Da, yana sama, aiki ya gagare shi, doka ta ce nakasasshe ne. Yanzu an sauko masa da tebur, yana aikinsa kamar kowa, ƙafar kuma tana nan yadda take. To yanzu a wajen dokar, har yanzu nakasasshe ne, ko ya warke?"

Uwar Biyu ta dubi mijinta. Kafinta ya dubi ƙafarsa. Sauran suka juya wajen kwanar da Mai Awo ta bi.